Goggo, ɓeraye da janaretan ciwon daji

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta barin su sauraron murya, da waɗanda dama karatu suka fi so. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka na bar shi.

Yau ba maganar katin zaɓe ko rashin aikin yi za mu yi ba. Maganar gidanmu ce. Wata uku da suka wuce aka tabbatar wa goggona, ƙanwar mahaifina, cewa kullin da ta daɗe tana ji a mamanta ciwon daji ne. Na nemi izininta kafin in kawo zancen nan, ta ce in faɗa amma kar in kama suna. Likitoci suka tsara mata kemo, bayansa kuma tiyata.

Ana saura kwana biyar a fara, sai ɗanta ya turo wani bidiyo a guruf ɗinmu na dangi a WhatsApp. Kun san irinsu. Muryar kwamfuta, zane mai launi, wasu abubuwa kamar ƙananan tsutsotsi suna kutsawa cikin ƙwayar ciwon daji, suna fasa wani abu mai kama da wake, sai ƙwayar ta tarwatse. A ƙasa an rubuta wai masana sun gano maganin daji wanda ba zubewar gashi, ba amai, ba wuƙa. Kafin isha'i an yi ta turo Alhamdulillah.

Da daddare Goggo ta kira ni. "Babana," haka take ce min saboda sunan kakanmu na ci, "kai da ka karanta abin nan a jami'a, gaya min tsakaninka da Allah. In dai maganin nan na tafe, ba gara in ɗan jira ba? Me zai sa in kai kaina a yanke ni?"

Wallahi sai na rasa ta cewa. Bayokemistiri na karanta, amma ni ba likita ba ne, kuma tun da na gama bautar ƙasa ban sake riƙe kwalbar gwaji ba. Na ce, Goggo ki ba ni kwana biyu. Abin da na tono a kwana biyun nan shi zan ba ku yau.

Abu na farko da ya dame ni, bidiyon ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Da ƙarya ce da abin ya zo da sauƙi. Akwai irin wannan binciken, kuma dabarar da ke cikinsa tana da ban sha'awa ƙwarai. Bari mu fara daga abin nan mai kama da wake.

Jikinmu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace kamar gida ce mai katanga. A cikin kusan kowane gida akwai janaretoci, wani gidan ɗaruruwa, wani dubbai. Su ake kira mitokondiriya. Abincin da ka ci da iskar da ka shaƙa, a nan ake ƙona su a fitar da ƙarfin da kake motsi da tunani da shi. Ƙwayoyin tsokar zuciya, saboda ba sa hutu, kusan kashi ɗaya cikin uku na cikinsu janareta ne. Wannan kowa ya ji shi a sakandare.

Abin da ba a cika faɗa mana a sakandare ba shi ne, janaretan nan yana da aiki na biyu: shi ke riƙe da makullin mutuwar gidan. Ƙwayar jiki mai lafiya, idan ta lalace ko aikinta ya ƙare, ba ta jira a zo a kashe ta. Da kanta take rushe kanta cikin tsari, maƙwabta su kwashe ɓaraguzan. A 1972 wasu masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka ba wannan tsarin suna afoftosis. Ta haka aka raba maka yatsunka tun kana ciki, ƙwayoyin da ke tsakaninsu ne suka mutu. Yanzu haka da kake karanta wannan, biliyoyin ƙwayoyi ke mutuwa haka a jikinka kullum, ba ka ma sani ba. A 1996 kuma Xiaodong Wang da abokan aikinsa a Amurka suka nuna yadda ake kunna abin: akwai wani ɗan furotin, sitokurom si, da ke zaune cikin mitokondiriya yana aikin samar da wuta. Muddin yana ciki, ma'aikaci ne. Ranar da katangar janaretan ta huje ya zubo tsakar gida, shi ke tayar da masu rusau.

To ƙwayar ciwon daji, a taƙaice, ƙwaya ce da ta ƙi mutuwa lokacin da ya kamata ta mutu. Ta lalace, an ba ta umarni, ta toshe kunne. Ɗaya daga cikin dabarunta shi ne ta tara masu gadi a ƙofar janaretan don kar ya huje. Sai masana suka ce, to me zai hana mu tsallake duk wata muhawara da ita, mu je kai tsaye mu huda janaretan?

Matsalar ita ce yaya za ka huda janareta ba ka rushe katangar kowane gida a unguwar ba. A nan ne labarin ya yi daɗi.

Mitokondiriya ta yi kama da bakteriya, kamar da ta wuce a ce haɗuwar jini ce kawai. Tana da nata kundin gado daban da na ƙwayar da take ciki, ɗan ƙarami mai siffar zobe irin na bakteriya, mai ɗauke da umarni 37. Tana hayayyafa ta hanyar rabewa biyu, irin na bakteriya. A 1967 wata masaniya, Lynn Margulis, ta fitar da takarda tana cewa asalinta ma bakteriya ce da wata ƙwaya ta haɗiye tun fil'azal suka zauna tare. Mujallu kusan goma sha biyar suka ƙi buga takardar kafin ta samu shiga, yau kuma ita ake koyarwa. Ko ka karɓi wannan labarin asalin ko ba ka karɓa ba, kamannin dai abin aunawa ne, kuma shi ne ya shafe mu. Wani abin kuma, daga uwa kaɗai ake gadon mitokondiriya. Na Goggo da na Baba na kakarmu ne, nawa na Umma ne. Da na gaya wa Goggo haka cewa ta yi, "Dama na san dangin uwarka ka biyo."

Kamannin da ya fi muhimmanci yana jikin tantanin da ya lulluɓe ta. Ku tuna batir, akwai kan fozitif akwai na negetif, kuma kishiyoyi ke jan juna. Fuskar waje ta ƙwayar jikinmu mai lafiya kusan ba ruwanta, ba ta da wani caji sosai. Amma tantanin bakteriya negetif ne, haka ma na mitokondiriya, har suna tarayya a wani nau'in kitse da ake kira kadiyolifin. Ƙari a kan haka, janareta mai aiki cikinsa negetif ne sosai, wajen milibolt 150 zuwa 180 idan aka gwada da wajensa. Wato duk wani abu mai cajin fozitif da ya samu ya shiga gidan, janaretan zai ja shi kamar maganaɗisu. Kuma duk makamin da ke huda bakteriya, akwai yiwuwar zai huda mitokondiriya.

Irin wannan makamin kuwa Allah ya riga ya halicce shi. A shekarun 1980 wani likita a Amurka, Michael Zasloff, yana aiki da wani nau'in kwaɗo ɗan asalin Afirka. Yakan yi musu tiyata, ya ɗinke, ya mayar da su cikin ruwan tanki mai cike da ƙwayoyin cuta, amma ciwon ba ya ruɓa. Ya bi diddigi, a 1987 ya sanar da cewa fatar kwaɗon na fitar da wasu gajerun sarƙoƙi da ke fasa bakteriya. Ya kira su magainin.

Waɗannan gajerun sarƙoƙin su ne feftayid. Ku ɗauka kamar carbi ne. Akwai duwatsu iri ashirin da ake kira amino asid. In ka jera ɗaruruwa ka samu furotin, in ka jera kaɗan, biyar, goma, talatin, ka samu feftayid. Ba baƙon abu ba ne a asibiti. Insulin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura duwatsu 51 ne. Allurar Zoladex da ake yi wa masu dajin mafitsara na maza da wasu masu dajin mama, ita ma feftayid ce, duk da ta wata hanya daban take aiki. Kuma tun 1963 Bruce Merrifield ya fito da hanyar jera duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya a ɗakin gwaji, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1984. Ma'ana ba sai ka jira kwaɗo ba, kai ma za ka iya zama ka tsara naka carbin.

Haka wasu masana a jihar Luwiziyana ta Amurka suka yi a 1996. Suka tsara wani mai duwatsu 14 da iri uku kacal, ana rubuta shi KLAKLAK sau biyu. In ka karanta da ƙarfi kamar ƙarar tsohon keken ɗinki. Idan ya haɗu da tantani sai ya murɗe kamar igiya, gefe ɗaya duk cajin fozitif, ɗaya gefen duk mai son maiƙo. Kamar sabulu ke nan, hannu ɗaya a ruwa hannu ɗaya a mai. Gefen cajin ya manne wa tantanin negetif, gefen maiƙon ya nutse ciki, in suka taru da yawa sai tantanin ya yage. Don bakteriya aka ƙera shi. Ƙwayar jikin mutum kuwa, in yana wajenta, bai cika yi mata komai ba, don ba ya iya shiga da kansa. Yana nan kamar ɓarawon da ya iya fasa akwati amma bai iya haura katanga ba.

Saura a samo wanda zai shigar da shi, kuma gidan daji kaɗai. Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni.

A wata cibiyar bincike a Kalifoniya, Renata Pasqualini da Erkki Ruoslahti suka yi wata dabara da suka wallafa a 1996. Ka ɗauka kana son sanin kwatancen wani gida amma ba wanda zai gaya maka. Sai ka tara yara miliyoyi, ka ba kowanne takarda mai kwatance daban da ka rubuta da ka, ka sake su cikin gari. Bayan an jima ka je gidan ka ga waɗanne yara ne suka iso, ka karɓi takardunsu ka karanta. Su yaran a nan wasu ƙwayoyin bairos ne da bakteriya kaɗai suke kamawa, kowanne an liƙa masa ɗan feftayid daban a ka. Aka zuba su a jinin ɓera, aka jira, aka ciro sassan jikinsa aka duba wa ya maƙale a ina. Sai ga shi jijiyoyin jini ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Na ƙwaƙwalwa da alamarsu, na ƙoda da tasu. Daga baya suka nuna sababbin jijiyoyin da ƙarin daji ke janyowa don ya ci abinci su ma da tasu alamar.

A 1999 aka haɗa biyun. Michael Ellerby da Wadih Arap da Pasqualini da sauran abokan aikinsu suka ɗinka ɗan gajeren kwatance mai duwatsu biyar a gaban KLAKLAK, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature Medicine. Kwatancen ya kai shi jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin, ƙwayoyin wurin suka haɗiye shi da kansu, da ya tsinci kansa a ciki sai ya nufi janareta. Mitokondiriya ta kumbura ta fashe, sitokurom si ya zubo, masu rusau suka tashi. An gwada a kan ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin dajin mutum, ƙarin ya ragu idan aka kwatanta da na ɓerayen da ba a ba su ba, kuma sun fi daɗewa a raye.

Ku sake duba shekarar. 1999. Shekarar da aka dawo mulkin farar hula a Najeriya. Ina rarrafe ko ina koyon tafiya lokacin. Abin da bidiyon guruf ɗinmu ya kira sabon ganowa, tushensa ya girmi yawancin masu karanta wannan shafin. Ana ta fito da sababbin samfura, ana gyara kwatance, ana canza duwatsu, kowace shekara da takardun da ke fitowa, kuma wasunsu aiki ne mai kyau. Amma tambayar da ta kamata ita ce, shekara ashirin da ɗoriya, me ya hana shi isowa kantin magani?

Jinin mutum ba wurin wasa ba ne ga feftayid. Cike yake da almakasai masu datse shi. Akwai wani feftayid da hanjinmu ke fitarwa bayan cin abinci, cikin minti biyu rabinsa ya tafi. Sai da aka yi shekaru ana yi masa kwaskwarima kafin a samu Ozempic da ke kai mako guda. Masu KLAKLAK sun magance wannan da wata dabara: amino asid suna da na dama da na hagu, kamar takalmi. Jikinmu da na hagu yake aiki, almakasansa ma na hagu suka sani. Sai suka ƙera makamin da na dama, almakashi ya zo ya kasa kama shi.

Madalla. Amma abin da jiki ya kasa datsewa, dole ya bi ta wani wuri ya fita, kuma wurin shi ne ƙoda. Ƙoda tana tace ƙananan abubuwa daga jini, sannan ƙwayoyin da ke jikin bututunta suna sake tsotse feftayid don kar a yi asararsa a fitsari. Aikinsu ke nan. Kuma saboda aikin na cin wuta, ƙwayoyin nan maƙare suke da mitokondiriya. Kun ga inda aka kwana? Ka ƙera abin fasa janareta, ka sa ba ya lalacewa, sannan jiki ya kwashe shi ya kai unguwar da ta fi ko'ina janareta, inda ake buɗe masa ƙofa ba tare da an tambayi kwatance ba.

An kai ga gwada shi a jikin mutane. Aka sauya kwatancen zuwa wanda ke neman dajin mafitsara na maza da ya bazu zuwa ƙashi, aka sa wa maganin suna BMTP-11, aka gwada a cibiyar MD Anderson da ke Teksas. Sakamakon ya fito a 2015. Mutum shida ne. Shida. Da aka ɗebi ɓargonsu aka duba, an ga maganin ya isa inda aka aike shi, wannan nasara ce ta gaske. Amma ƙoda ce ta taka burki: da aka ƙara yawan maganin sai ta fara nuna alamun rauni, dole aka tsaya a ƙasa. Har yau babu wani magani daga dangin KLAKLAK da aka amince a rubuta wa mara lafiya. Kuma ba su ne farkon faɗawa wannan ramin ba. Tun a shekarun 1980 Lan Bo Chen a Boston ya lura cewa janaretan ƙwayoyin daji da yawa ya fi na masu lafiya jan abubuwa masu cajin fozitif. Aka gina wani magani a kan haka, MKT-077, wanda ba feftayid ba ne. Shi ma da aka kai shi jikin mutane, ƙoda ce ta tsayar da shi.

Wasu masana a Norwe suka ce to mu daina bi ta jini mana. Suka ɗauki samfuri daga wani furotin da ke cikin nonon saniya, suka ƙera feftayid mai duwatsu tara, LTX-315, wanda ake tsira allurarsa kai tsaye cikin ƙarin. Yana fasa ƙwayar, yana fasa mitokondiriya, kuma a nan kamannin nan da bakteriya ya sake amfani: idan kayan cikin janareta suka watsu a fili, sojojin jiki suna ɗauka bakteriya ce ta shigo, sai su taso da gudu, in an yi sa'a su gane dajin su bi shi. An gwada shi a kan mutane masu wasu nau'o'in dajin fata da na tsoka, ana kan gwaji, ba a kai ga amincewa da shi ba. Iyakarsa kuma a fili take, sai ƙarin da allura za ta iya kaiwa.

Bari in ɗan ratse, don na san wani zai tambaya a ƙasa. E, labarin dafin ƙudan zuma da ya zagaya a 2020 ɗan uwan wannan ne. Masu bincike a birnin Perth na Ostareliya sun nuna melitin, feftayid mai duwatsu 26 da ke cikin dafin, yana kashe ƙwayoyin dajin mama masu wuyar magani a faranti da jikin ɓera. Gaskiya ne. Gaskiya ne kuma melitin na fasa jajayen ƙwayoyin jini. Don Allah kar wanda ya kai uwarsa gindin amya.

To shin duk hanyar janaretan nan ba ta haifar da komai ba? Ta haifar. Kun tuna masu gadin da na ce ƙwayar daji na tarawa a ƙofa? An gano babbansu, BCL-2, a 1984. A 1988 David Vaux da abokan aikinsa a Melbon suka nuna aikinsa hana ƙwaya mutuwa ne. A 1997 aka ga hoton yadda wani ɗan feftayid na jiki ke shiga wani lungu a jikin irin waɗannan masu gadin ya ɗaure musu hannu. Sai masu haɗa magani suka yi shekaru suna ƙera ƙaramin sinadari da zai kwaikwayi feftayid ɗin, wanda za a iya haɗiya a matsayin ƙwaya. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, sunansa venetoclax, don wani nau'in dajin jini. Daga 1984 zuwa 2016, shekara 32. Yana aiki sosai, har ƙarfinsa ya zama haɗari: a gwajin farko ƙwayoyin daji sun riƙa mutuwa da yawa a lokaci guda har gubarsu ta yi ajalin wasu marasa lafiya. Shi ya sa yanzu ake farawa da miligiram 20 a hau a hankali zuwa 400 cikin mako biyar. Na yi murna da na karanta wannan, na ce ko Goggo za ta samu. Sai na tarar an gwada shi a kan wani nau'in dajin mama haɗe da wani maganin, bai ƙara komai ba. A dunƙule ma, cikin magungunan daji goma da ke shiga gwajin farko a jikin mutum, ko ɗaya ba ya cika kaiwa ƙarshe.

Amma a cikin wannan tonon na ci karo da abin da ya canza yadda zan yi wa Goggo magana. Yawancin magungunan kemo da aka saba da su, ta ƙofar janaretan nan suke ƙarasa aikinsu. Kemo na lalata kundin gadon ƙwayar ko ya hana ta rabewa, ƙwayar ta ga ɓarnar ta yi yawa, saƙo ya tafi wurin mitokondiriya, ta huje, sitokurom si ya zubo. Anthony Letai da tawagarsa a Boston sun nuna a 2011 cewa in ka ɗebi ƙwayoyin dajin mara lafiya ka ɗiga musu irin waɗancan ƙananan feftayid ɗin, ka auna saurin hujewar janaretansu, za ka iya hasashen yadda kemo zai kama shi. Wanda janaretansa ke bakin gaɓa, kemo na tura shi da sauƙi. Wato abin da zanen bidiyon ya nuna yana faruwa, ƙwaya na tarwatsewa daga ciki, shi ne abin da ledar ruwan da Goggo ke gudu za ta je ta yi. Bambancin, kemo ba shi da kwatance mai kyau, yana taɓa gashi da hanji da ɓargo a hanya. Amma shi an gwada shi a kan dubban ɗaruruwan mata, an san adadin da ake bayarwa, an san abin da zai biyo baya da yadda ake tarar sa.

Sai maganar jira. A 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa wani nazari da ya tattara bincike da yawa, ya nuna duk jinkirin mako huɗu kafin tiyatar daji na tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Mu kuma a nan dama a makare muke zuwa. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya ce a shekara ana samun sababbin masu ciwon kusan 128,000 a Najeriya, kusan 80,000 na rasuwa, kuma dajin mama ne kan gaba. Goggo ta riga ta yi wata da watanni tana shafa man da wata maƙwabciya ta ba ta kafin ta faɗa wa kowa. Ba ta da wani mako huɗun da za ta bayar kyauta.

Ban ga laifin ɗanta ba, tsoro ne da ƙauna suka sa shi turawa. Wanda nake jin haushi shi ne wanda ya zauna ya yanke kalmar ɓera daga labarin don ya samu masu kallo. Mu ma da muke turawa, sakan goma ne ka tambaya: a faranti aka yi, a ɓera, ko a mutum? In a mutum ne, mutum nawa? Ni kaina na sha tura abu ban yi wannan tambayar ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ranar da na cika alkawari na je gidan da kaina. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ban kawo mata su kadiyolifin ba. Na ce, "Goggo, maganin nan da gaske ana aikinsa, kuma masu aikin ba 'yan damfara ba ne. Amma tun ina goye aka warkar da ɓeraye da shi, har yau bai zama na mutane ba. Da aka gwada wa mutum shida, ƙodarsu ya fara taɓawa. Wanda za a sa miki ranar Litinin, wurin da wancan ke son zuwa shi ma can zai je, sai dai shi ta doguwar hanya yake bi, yana ɓarna a hanya."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Gashin zai dawo?" Na ce likita ya ce yana dawowa bayan an gama. Ta ce, "Nonon fa?" Na ce wannan kam ba ya dawowa, Goggo. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da zan tafi ta ce in zo da wuri ranar Litinin, kar in sa ta rasa layi.

Yanzu ta yi zagaye uku. Gashin ya tafi tun a na farko, ta sa an aske sauran, ta ce ba za ta zauna tana tsintarsa a kan filo ba. Kwana uku na farko bayan kowane zagaye ba ta iya cin komai sai kunu, kuɗin kuma dangi ne ke haɗawa, wani watan da ƙyar. A dubawar da aka yi mata makon jiya likita ya ce kullin ya ragu, ana sa ran tiyata bayan zagaye na gaba. Muna cikin ɗan sahu a hanyar komawa gida, ta jingina da ni idonta a rufe, sai ta ce, "Babana, su ɓerayen nan da suka warke, su wa ya biya musu?"

Ku sa ta a addu'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.